Wa ya fi laifi a labarin Ipolit: matar uba, uwar goyonta, ko uban da ya yi baki?

Ɗan Damagaram:
Assalamu alaikum 'yan gida. Yau da wani tsohon wasan Faransawa na zo, irin wanda ake ce wa opera, wato wasan kwaikwayon da daga farko har ƙarshe ba a magana, komai rera shi ake da kiɗa. Sunansa Hippolyte et Aricie, haka za ku rubuta in za ku nema a YouTube, amma ni Ipolit da Arisi zan riƙa cewa don sauƙi. Jean-Philippe Rameau ne ya tsara kiɗan, an fara nuna shi a Paris ranar 1 ga Oktoba 1733, lokacin mutumin na da shekara 50 kuma ita ce operarsa ta farko. Labarin daga tatsuniyoyin Girkawan da aka ɗauko shi.

Ga yadda yake. Teze sarkin Atina ne, yana da ɗa saurayi Ipolit wanda ya haifa da wata matar, sai kuma ya auri Fedir. Fedir ɗin nan son ɗan mijinta ya kama ta. Shi kuma yaron hankalinsa na kan Arisi, yarinya guda da ta rage daga gidan da suka yi rigimar sarauta da ubansa, wadda ake so a tilasta mata ta shiga ɗakin bauta ta yi alkawarin ba za ta taɓa aure ba don kada zuriyarsu ta sake tsirowa. Ana cikin haka labari ya zo cewa Teze ya gangara duniyar matattu don ya ceto abokinsa, kowa ya ɗauka shikenan ba zai dawo ba, to a nan ne Fedir ta samu ƙarfin halin faɗa wa yaron abin da ke ranta. Ya ƙi, ya firgita ma. Ita kuma kunya da baƙin ciki suka sa ta fizge takobinsa za ta kashe kanta, ya kama yana ƙwacewa, daidai wannan lokacin uban ya shigo ya ga ɗansa da takobi a hannu tsaye kan matarsa. Ya tambayi matar ta yi masa wata magana mai harshen damo ta fice, ya tambayi ɗan ya ƙi faɗa sai ma ya roƙi a bar shi ya bar ƙasar, sai ya juya kan Enon uwar goyon Fedir, ita ce ta nuna masa a fakaice wai yaron ne ya nemi matar. Teze bai ƙara tambayar kowa ba. Neftun, wanda a tatsuniyar shi ne mai mulkin teku kuma shi ya haifi Teze, ya taɓa yi masa alkawarin biya masa buƙata uku, biyu sun tafi wajen shiga duniyar matattu da fitowa, ta ukun ita ce ya roƙa a hallaka ɗansa. Dodo ya fito daga teku.

Ni dai a wajena duk wasan nan na Teze ne duk da ba sunansa ke kai ba, kuma shi ya fi kowa laifi. Amma ina so in ji ta bakinku.

Maman Ilham:
Wa alaikassalam. Kai ɗan'uwa ya za a yi ka tsallake matar ka kama mijin?? Mace da aurenta ta dubi ɗan mijinta, yaron da ya kamata ya kira ta Umma, ai daga nan ɓarnar ta faro. Da ta kama kanta babu takobin da za a zare balle a ga wani abu. Ni ban ma kalla ba amma daga bayaninka na gama hukunci.

Abba Kurna:
Ni tambayata ma daban ce, me ya haɗa mu da allolin Girkawa da waƙar Faransawa ta shekara kusan 300? Neftun, dodo, duniyar matattu, wlh duk shirka ce zalla. Ba mu da labaran kanmu ne?

Ɗan Damagaram:
Abba su kansu Faransawan da suka cika zauren a 1733 babu mai bauta wa Neftun a cikinsu, Kiristoci ne 'yan Katolika, addinin Girkawan da ya mutu fiye da shekara dubu kafin su. Wanda ya rubuta baitocin wasan ma malamin coci ne, Abbé Pellegrin, har mutanen zamaninsa suka yi masa habaici a waƙa cewa da safe ɗan Katolika ne da dare mai bautar gumaka, abincin ranarsa daga coci na darensa daga gidan wasa. Ka ga ke nan irin ƙorafinka an yi shi tun a lokacin. Kuma wani dalilin da ya sa suka fi ɗaukar tatsuniyar Girka shi ne taɓa labarin littafin addininsu a dandamali abu ne mai jawo rigima, shi Rameau ɗin ya yi aiki da marubuci Voltaire a kan labarin Samson na Littafi Mai Tsarki amma ba a taɓa barin an nuna shi ba.

Malam Na Tudu:
Abba ɗana, tsoron da ka nuna abu ne mai kyau, Allah ya ƙara tsare mana imani. Maganar kiɗa kuma malamai sun yi ta sun daɗe, kowa ya san wanda yake bi, ba zan buɗe ta a nan ba. Amma shi labarin, sanin abin da wasu mutane suka ƙaga game da gumakansu daban, gaskata shi daban. Abin da ya tsayar da ni ma shi ne tun ina karanta bayanin Ɗan Damagaram Suratu Yusuf ke zuwa mini. Matar gida ta nemi saurayin da ke ƙarƙashin inuwar mijinta, ya ƙi, suka yi tsere zuwa ƙofa, suka yi kiciɓis da mai gidan, nan take ta juya maganar a kansa. Har nan labaran biyu tafiyarsu ɗaya. Inda suka rabu shi ne a gidan Aziz an samu wani daga danginta ya ce a duba rigar, in ta gaba ta yage ita ke da gaskiya, in ta baya ce shi ke da gaskiya. Aka duba. Shi wannan sarkin naku bai duba komai ba, bai ce takobin nan wa ya fara zare shi ba, bai ce me ya sa ɗana ya kasa kallona ba, maganar mace ɗaya wadda kowa ya san ta ɓangaren matarsa ce ya ɗauka ya yanke hukuncin kisa. Aya ta 6 a Suratul Hujurat a kan irin wannan take, in fasiƙi ya zo muku da labari ku bincika, kada ku cuci mutane cikin rashin sani ku wayi gari kuna nadama. Don haka ni ina bayan Ɗan Damagaram.

Anti Talatu:
Malam sannu da wannan bayani, mu ma labarin Yusufu da matar Fotifar yana cikin Littafin Farawa sura 39, kuma shi ya fara zuwa mini. Ni na kalli wasan nan gaba ɗaya saboda ina cikin mawaƙan cocinmu, irin waɗannan tsoffin waƙoƙin na muryoyi da yawa suna burge ni. Maman Ilham don Allah ki kalli ƙarshen kashi na 4 kafin ki rufe littafin Fedir. Bayan dodon ya fito yaron ya tare shi hayaƙi da wuta sun rufe shi, mutane na kuka suna cewa Ipolit ya tafi, sai ga ta ta shigo. Babu wanda ya tuhume ta fa, babu wanda ya sani, asirinta a rufe yake, amma ta tsaya gaban jama'a ta ce mutuwarsa aikina ne ni kaɗai. Kiɗan a wajen sai ka ji kamar ƙasa na girgiza, 'yan amshi na maimaita kukansu a hankali a bayanta, ita kuma tana roƙon a bar ta da rai daidai lokacin da za ta je ta faɗa wa mijin gaskiya ta wanke yaron. Kuma ta je ta faɗa kafin ta mutu. Ban ce ba ta da laifi ba amma ba muguwar da kike zato ba ce.

Maman Ilham:
Anti nadama bayan an kashe yaro ai ihu bayan hari ne. Lokacin da mijin ya tambaye ta a ɗakin me ya hana ta buɗe baki? Kalma ɗaya ta isa.

Bagobiri:
Ku bari in shigo nan don mu mun karanta tushen abin a lakkwal, littafin marubucin wasan kwaikwayo na Faransa Racine mai suna Phèdre (wato Fedir) na 1677, daga shi ne Pellegrin ya ɗauko. Mushen da ya koya muna ya sa munka karanta gabatarwar da Racine ya rubuta da kansa, a ciki ya ce matar ba mai laifi ce gaba ɗaya ba kuma ba marar laifi ce gaba ɗaya ba. Amma abin da ni ya tsaya mini a rai tun sannan shi ne dalilin da ya bayar na ɗora ƙazafin a bakin Enon. Cewa ya yi ƙazafi abu ne mai ƙasƙanci da bai dace da bakin gimbiya ba, ya fi dacewa da mai reno. Kun ji fa. A wajen Bagirken da ya fara rubuta wasan, Euripides, shekara 428 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), matar da kanta ta rubuta ƙazafin a allo ta rataye kanta ta bar shi mijin ya gani. Da labarin ya iso fadar Faransa sai anka wanke hannun 'yar sarki anka shafa wa talaka. Don haka masu cewa Enon ce shaiɗaniyar ku tuna da gangan anka ɗora mata.

Baban Sadiq:
Bagobiri ka kawo magana. Kuma ita Enon me take karewa? Yarinyar da ta goya tun tana jaririya ce take gani za a kashe ko a tozarta. Ƙarya ta yi, babba ma, amma ba don ta samu wani abu ba.

Ni wanda ban gane masa ba shi ne yaron. Ubanka ya tambaye ka me ke faruwa, kai ne mai gaskiya, ka yi shiru ka ce a kore ka daga gari? Ai shirun nan shi ya tabbatar wa uban zargi. Ko ni ne na tambayi ɗana ya sunkuyar da kai ya ce Baba bar ni in tafi, zuciyata za ta raya mini wani abu.

Anti Talatu:
Baban Sadiq to ya ce me? Baba matarka ce ta neme ni? A gaban fadawa? Yaron mutuncin ubansa yake rufewa, ya zaɓi a ce shi ne ya tafi da a ce gidan sarki ya tonu. Ni a wajena nan ne ma ya nuna tarbiyya.

Baban Sadiq:
Tarbiyyar da ta kai shi bakin dodo. Kunya tana da iyaka Anti, in rai ya shigo ciki sai a faɗi gaskiya ko da ɗaci.

Ɗan Damagaram:
To bari in faɗi abin da ya sa na ce wasan na Teze ne, don akwai wurare biyu da Rameau ya yi abin da littafin Racine bai yi ba.

Na farko kashi na 2 gaba ɗayansa a duniyar matattu ake yinsa, Racine ba shi da wannan. Teze ya je ceto abokinsa Piritus, kuma ku san me ya kai abokin can, matar Fuluton sarkin wajen ya je sacewa. Wato mutumin da zai dawo ya kashe ɗansa kan zargin neman matar wani, shi kansa daga rakiyar mai satar matar wani yake. Da zai fito sai Fuluton ya ce wa wasu uku masu kaɗa zaren ajalin mutane su faɗa masa abin da ke gabansa, suka ce za ka bar jahannama ka tarar da wata jahannamar a gidanka. To ka ga ya shigo gida da wannan maganar a kunne, yana neman masifar da aka yi masa alkawari, abu na farko da idonsa ya gani sai ya ce ga ta. Bai tsaya ya yi tunanin ko shi ne zai haɗa jahannamar da hannunsa ba.

Na biyu shi ne wanda ya fi taɓa ni. A tsarin 1733, Enon na gama zuba masa dafin, kafin ya samu ko numfasawa, sai ga talakawansa da matuƙan jirgin ruwa sun shigo da kiɗa da rawa suna murnar sarki ya dawo lafiya, suna gode wa Neftun. Dole ya zauna ya kalla. Kamar dai a ce makaɗan fada sun iso ƙofar sarki da tambura ranar da aka raɗa masa mummunan labari, ba damar korarsu ba damar faɗa musu. Kiɗan mai daɗi ne ƙwarai, mai sa ƙafa motsi, ana tsalle ana juyi, kai kuma mai kallo idonka na kan mutum ɗaya da ke zaune bai motsa ba. Minti da yawa ana wannan. Kuma a nan nake kama shi da laifi, don an ba shi lokaci. Duk tsawon rawar nan zai iya cewa a kira mini ɗana, a kira mini matata. Ana watsewa sai ya juya ga teku ya yi roƙon. Kuma roƙon ba da ihu ya yi shi ba, a nitse ya rera shi da murya mai kauri, har yana faɗin cewa ɗansa ne, ya san abin da yake yi. Yana gamawa gogunan suka fara wani irin gudu sama da ƙasa, teku ta amsa.

Maman Ilham:
Toh wannan na rakiyar satar mata ban san shi ba. Ashe shi ma gwanin ne.

Bagobiri:
Hajiya ai kaɗan kika ji. Yayar Fedir ɗin, Ariyan, ita ta taimake shi ya kashe dodo mai kan bijimi da ke tsibirin Kirit, ta ba shi zaren da ya bi ya fito daga ginin da ba a gane hanyarsa, ta bar gidan ubanta sarki Minos ta bi shi, ya kai ta tsibirin Naksos ya tafi ya bar ta tana barci. Bayan nan ya auri ƙanwar. Masu kallo a Paris duk sun san wannan tarihin nashi tun suna yara.

Maman Ilham:
Innalillahi. Duk da haka dai ban sauka daga maganata ba, halin miji ba ya halatta wa mace ɗansa. Amma na yarda ba tsakanin mai laifi da mai gaskiya ake ba, gidan ne gaba ɗaya a ruɓe, yaron da yarinyar kawai ne abin tausayi.

Abba Kurna:
Ni har yanzu akwai abin da ke damuna kuma ba na addini ba ne wannan karon. Ƙasar da ke zaune tana kuka saboda ɗan sarkin tatsuniya a 1733, a daidai lokacin jiragenta na tashi daga tashar ruwan Nantes suna ɗibar bayi daga gaɓar Afirka zuwa gonakin rake. Dokar bayi ta Code Noir tun 1685 sarkin Faransa Luwi na 14 ya sa mata hannu, shi ɗin dai da ya kafa gidan operar Paris. Mu kuma mu zo muna yaba musu kiɗa?

Ɗan Damagaram:
Abba duk abin da ka faɗa gaskiya ne, ba zan rage ko ɗaya ba, kuma mu na wannan ɓangaren iyaka ba sai an ba mu labarin Faransa ba, 1899 sojojinta suka shiga Damagaram. Opera irin wannan kayan sarauta ce tun asali, Lully ɗan Italiya da ya fara ta a 1673 mawaƙin fadar Luwi na 14 ne, kuma galibin nasa da gabatarwar yabon sarki suke farawa. Ni dai ina ganin sanin abin da mutanen nan suke kallo da abin da ke sa su kuka wani ɓangare ne na sanin su, kuma ba ya hana ni faɗin abin da suka aikata. Sannan wasan da ke nuna sarki ya yanke hukunci cikin fushi ya hallaka gidansa, ba yabon sarauta ba ne zalla. In ka ce kai ba za ka kalla ba saboda wannan dalilin, wlh ina girmama hakan.

Anti Talatu:
Bari in koma kan waɗancan ukun masu zaren ajali don akwai labari a kansu. Mata ne a tatsuniya amma maza uku ke rera su. Waƙarsu ta biyu, wadda suke faɗa wa Teze abin da zai tarar, Rameau ya tsara ta yadda muryoyin ke zamewa daga wani ma'aunin sauti zuwa wani a hankali a hankali, kana ji kamar sun ɓata amma ba su ɓata ba, kowane mataki sai ka ji wajen ya ƙara duhu. Mawaƙa da makaɗan gidan operar Paris na lokacin sun kasa yin ta daidai, dole aka cire ta daga wasan, sai a takarda ta rage. Mu da muke waƙa da murya huɗu mun san wahalar, in kana riƙe da layinka na kusa da kai ya matsa rabin mataki kunnenka sai ya ja ka ka bi shi, to su ukun nan kowa matsawa yake. Yanzu ana yin ta, ku neme ta ko ita kaɗai, Trio des Parques, ba ta da tsawo.

Kuma ba mamaki ya rubuta abu mai wuya haka, kafin opera an san shi ne da littafin ilimin haɗa sautuka da ya fitar a 1722, da kaɗa molon coci mai bututu a garuruwa irin su Clermont. Da wasan ya fito Paris rabuwa ta yi biyu, masoyan tsohon salon Lully suka ce wannan hayaniya ce da nuna ilimi, kiɗan ya danne baitocin, magoya bayansa suka ce ba a taɓa jin irinsa ba. Ana ruwaito cewa André Campra, wani babban mai tsara kiɗa na lokacin, ya ce kiɗan da ke cikin wannan ɗayan ya isa a yi opera goma.

Baban Sadiq:
To wai ya aka ƙare ne? Ɗan Damagaram ka tsaya a dodo.

Ɗan Damagaram:
Yaron bai mutu ba. Bayan Fedir ta faɗi gaskiya ta mutu, Teze ya nufi teku zai faɗa, Neftun ya tare shi ya ce ɗanka na raye an tsirar da shi, amma hukuncinka shi ne ba za ka ƙara ganinsa ba har abada. Sai a koma wani daji a Italiya, Arisi ta farka tana kuka, Diyan, wadda a tatsuniyar ita ce mai kula da dazuzzuka da mafarauta, ta kawo mata Ipolit, aka ɗaura musu aure aka naɗa shi sarkin wajen, aka rufe da rawa da wata waƙar tsuntsaye da sarewa ke kwaikwayon kukansu.

Bagobiri:
Nan ne ni nike rigima da wasan. Wajen Racine yaron ya mutu, dawakinsa sunka firgita da dodon sunka ja shi kan duwatsu, mai renonsa ya zo ya ba uban labari dalla-dalla, kuma wannan shi ne abin da ya dace don bakin uba ba wasa ba ne, in ya fita ya fita. Su kuma 'yan opera don kada manyan mutane su koma gida da ɓacin rai sai sunka dawo da shi da rai sunka yi biki. Sun zubar da nauyin labarin.

Malam Na Tudu:
Bagobiri a nan kam ban bi ka ba. Me ya sa wanda aka zalunta ne zai biya don labari ya yi nauyi? Annabi Yusuf (AS) ya sha kurkuku shekaru amma ƙarshensa ɗaukaka ce, matar ma da bakinta ta ce yanzu gaskiya ta bayyana, ni ce na neme shi. Kuma mu daina ɗaukar cewa duk bakin da uba ya yi kamawa yake ko da a kan zalunci ne, wannan tunanin ya sa iyaye da yawa suna yi wa 'ya'ya barazana da shi. An hana mu ma yi wa 'ya'yanmu mugun baki. A yadda aka ba mu labarin nan bakin ya koma kan mai shi ne, ɗan na can da rai da matarsa, uban na nan ya san yana raye kuma ba zai gan shi ba. Ni a ganina wannan ya fi mutuwar zafi a wajen uba.

Bagobiri:
Allah gafarta Malam, zafi a wajen uban na yarda. Amma mai kallo fa? Abin da zai fita da shi a kunne waƙar tsuntsaye ce da rawa, ba kukan Teze ba. Ana gama nuna hukuncin nashi an wuce wajen, ba a sake waiwayarsa ba.

Anti Talatu:
Ni kuma rashin waiwayar ne ya dame ni har na kasa jin daɗin bikin. Ana ɗaurin aure babu uba babu kowa nasa, yaron ma bai san ko uban ya gane gaskiya ba a iya abin da aka nuna mana. Don haka ban ɗauke shi ƙarshen farin ciki ba sam.

Maman Ilham:
Yanzu kun sa dole in kalla. Wanne zan nema, kuma akwai fassara? Faransancina bai wuce gaisuwa ba, data kuma kun san halin da ake ciki.

Ɗan Damagaram:
Hajiya wasan ya kusa awa uku don haka ki bi shi kashi-kashi. In kina son ki ga yadda abin yake a zamaninsa, ki nemi wanda aka yi a gidan opera na Garnier a Paris a 2012, Emmanuelle Haïm ce ta ja makaɗan, sun yi shi da zanannun labule da tufafin da, masu saukowa daga sama a kan gajimare da igiya ake sauko da su kamar yadda ake yi a da. Akwai na Glyndebourne a Ingila na 2013 wanda William Christie ya jagoranta, kiɗan ya yi kyau sosai amma sun mayar da dandamalin wani ƙaton firij, kuma akwai shigar da ba lallai ki so yara su gani ba, ni ba da shi zan ce ki fara ba. Fassarar ƙasan allo ta danganta da wanda ya ɗora, ki duba kafin ki saki data. In kuma kaɗan za ki iya, ki tsallake gabatarwar, ki kalli kashi na 3 da ƙarshen na 4.

Maman Ilham:
Na gode ƙanena. Na 3 zan fara, ina so in ga fuskar matar lokacin da mijin ya tambaye ta ta ƙi magana, daga nan zan dawo mu ci gaba don ni da Anti Talatu ba mu gama ba.

Baban Sadiq:
In kin dawo ki duba mana yaron ma, ko akwai inda aka ba shi damar magana ya ƙi, don ni har yanzu shirun nan nasa bai kwanta mini ba.